Daga Babban Gwani Zuwa Manhajar Jirgin Sama: Tarihin Kundin da Ke Bin Abin da Aka Ƙera

Ranar Juma'a 11 ga Agusta 2023, ana cikin sallar La'asar, wani sashe na rufin Babban Masallacin Juma'a na birnin Zazzau ya rufta a kan masallata. Aƙalla mutum 7 suka rasu, wasu da dama suka jikkata. Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu. A daren nan Mai Martaba Sarkin Zazzau, Malam Ahmed Nuhu Bamalli, ya shaida wa manema labarai cewa an lura da tsaga a jikin ginin kwana guda kafin hatsarin, ana shirin kawo injiniyoyi sai abin ya auku.

Na tashi a cikin birni, kuma na yi salla a masallacin nan tun ina yaro. Bayan an yi jana'iza an share hawaye, wata tambaya ta tsaya mini a rai. Da injiniyoyin sun iso a kan lokaci, wane kundi za a buɗe musu? A ina aka rubuta shekarar da aka canza azarar wannan kusurwa, da irin ƙasar da aka yi yaɓen ƙarshe da ita, da abin da ginin kankaren da aka kewaye tsohon masallacin da shi ya sauya wajen zafi da laima? Ba ina ɗora wa kowa laifi ba ne. Tambayar ta girmi masallacin, domin ita ce tambayar da ke bin duk abin da ɗan Adam ya ƙera don ya daɗe, daga soro zuwa jirgin ƙasa zuwa jirgin sama. A yau manyan kamfanonin duniya suna zuba dukiya mai yawa don amsa ta, ta hanyar haɗa kundin sassan na'ura da kundin manhajar da ke tafiyar da ita. Wannan maƙala tarihin yadda aka iso nan ne, kuma Zariya ta ga matakansa ɗaya bayan ɗaya.

Lokacin da kundin yake cikin ƙirjin magina

An gina masallacin a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846. Maginin da ya jagoranci aikin shi ne Muhammadu Durugu, wanda tarihi ya riƙe da laƙabin Babban Gwani, har yau kuma akwai unguwa mai wannan suna a cikin birni. Ya yi aiki da tubali da azara. Azarar giginya tana da ƙarfi, gara ba ta cinta da sauƙi, amma idan tazarar da ta haye ta kusa mita biyu sai ta fara lanƙwasa a ƙarƙashin nauyin ƙasa. Gwanintar magina ita ce yadda suke jera azara hawa-hawa a cikin laka, kowace tana ɗan zarce ta ƙarƙashinta, har baka biyu su haɗu a sama su ɗauki tulluwa. Da wannan dabara aka rufe zauren salla mai faɗi ba tare da ƙarfe ko siminti ba.

Babban Gwani bai bar zane a takarda ba. Kundin ginin yana cikin kawunan mutane: Sarkin Magina, da 'ya'yansa, da almajiransa. Su suka san yadda ake haɗa makuba, da yadda ake yin laso daga katsin marina da gashin jima da dafara don kada ruwa ya ratsa rufi. Ginin ƙasa kuma yana tilasta wa mai shi ya riƙa duba shi. Kafin kowace damina sai an hau soro an gyara indararo, an toshe tsaga, an sake yaɓe. Wanda ya hau bana shi ya hau bara, ya san inda ya bari. Ma'ana, tsarin yana da mai ƙira, da mai kula, da tarihin gyare-gyare, da hanyar miƙa ilimin ga na baya. Rauninsa guda ne, wato idan salsalar ta yanke, kundin ya tafi kabari tare da mai shi.

A shekarun 1970 aka rushe wasu sassan harabar, aka lulluɓe tsohon zauren da sabon gini na kankare. Kafin nan wani masanin gine-gine ɗan ƙasar Foland, Zbigniew Dmochowski, tare da matasan Najeriya da ya horar, ya auna masallacin ya zana shi dalla-dalla. Da waɗannan zane-zane aka gina kwafinsa a gidan adana gine-ginen gargajiya da ke Jos, kuma an buga aikinsa cikin juzu'i uku a 1990, bayan rasuwarsa. Zanen ya adana siffar ginin a ranar da aka auna shi. Abin da ya same shi bayan wannan rana, zanen ba zai iya faɗa ba.

Takarda ta iso a jirgin ƙasa

Hanyar dogo daga Baro ta ratsa Zariya ta isa Kano a 1911. Ba da jimawa ba aka ja ƙaramin layi daga Zariya zuwa ma'adinan kuza na Jos, sannan layin Gusau da Ƙauran Namoda ya kammala a 1929. Zariya ta zama mahaɗa, Sabon Gari ya cika da ma'aikatan reluwe. Tare da kan jirgi wani sabon abu ya shigo, wato na'urar da aka ƙera a Ingila, wadda maƙerinta ba zai taɓa taka ƙasar Zazzau ba. Idan wani ƙarfe ya karye, babu Sarkin Maƙeran da za a aika wa. Sai dai a buɗe littafi, a nemo lambar zane da lambar sashe, a aika oda. Lamba ta maye gurbin sanayya.

Wannan tsari ya ƙara tsauri bayan Yaƙin Duniya na Biyu. A shekarun 1950 sojojin Amurka, wajen gwajin makamai masu linzami, suka riƙa cin karo da wata matsala. Za a harba makami ya yi nasara, a zo ƙera irinsa sai a tarar an yi masa canje-canje da hannu a filin gwaji, ba wanda ya mayar da su cikin zane. Abin da ya tashi sama daban, abin da ke takarda daban. Daga nan aka kafa ƙa'ida mai ginshiƙai huɗu: a ba kowane sashe suna da lamba, kada a canza komai sai da izini a rubuce, a riƙa lissafin halin da kowane canji yake ciki, sannan a riƙa gwada abin da ke ƙasa da abin da ke takarda.

Wannan tarbiyya ta sauka Zariya a 1964, lokacin da aka kafa makarantar horar da ma'aikatan jiragen sama da taimakon Majalisar Ɗinkin Duniya da hukumar jiragen sama ta duniya, wadda yanzu ake kira Kwalejin Fasahar Jiragen Sama ta Najeriya. Ɗalibin gyaran jirgi a Palladan yana koyon darasi guda tun farko: kowane jirgi yana da littafinsa, injinsa yana da nasa, farfelarsa tana da nata, kuma aikin da ba a rubuta aka sa hannu ba, a idon doka ba a yi shi ba. Jirgin da littattafansa suka ɓata darajarsa takan faɗi warwas ko da lafiyarsa ƙalau, domin babu mai iya rantsuwa a kan abin da ke cikinsa.

Kwamfuta ta gaji allon zane

A 1963 Ivan Sutherland ya nuna a jami'ar MIT cewa ana iya zane a fuskar kwamfuta. A 1977 kamfanin jiragen Faransa, Dassault, ya fara gina manhajar zane mai fuska uku wadda ta zama CATIA. Zane ya yi sauƙi, sai kwafi suka yi yawa, tambayar ta koma wanne ne na ƙarshe, kuma wa ya amince da shi. A tsakiyar shekarun 1980 ƙaramin kamfanin motoci na American Motors, ƙarƙashin jagorancin injiniya François Castaing, ya tara zane-zanensa da takardunsa a rumbu guda da kowane sashe na kamfanin ke dubawa, don ya gaggauta fito da motar da ta zama Jeep Grand Cherokee. Chrysler ya sayi kamfanin a 1987 ya yaɗa tsarin. Yawanci daga nan ake fara ƙirga tarihin abin da ake taƙaitawa da PLM, wato kundin da ke bin kaya tun daga tunanin ƙera shi, zuwa masana'anta, zuwa gyara, har ranar da za a jefar da shi. Zuciyar wannan kundi ita ce jerin sassa: mota ta ƙunshi inji, inji ya ƙunshi famfo, famfo ya ƙunshi ƙusoshi, kowanne da lambarsa da zubinsa.

Boeing 777, wanda ya fara tashi a 1994, shi ne jirgin fasinja na farko da aka zana gaba ɗayansa a kwamfuta, da sassa kimanin miliyan 3. Amma Airbus ya koya wa duniya cewa kwamfuta ba ta hana saɓani. Wajen ƙera A380, injiniyoyin Hamburg suna aiki da zubi na 4 na CATIA, na Toulouse suna aiki da na 5. Jirgin yana da wayoyin lantarki da tsawonsu ya haura kilomita 500. Da aka zo haɗa gangar jiki sai aka tarar wayoyi da yawa ba su kai inda ya kamata su kai ba. Jirgin farko bai isa hannun Singapore Airlines ba sai Oktoba 2007, bayan jinkirin kusan shekara biyu da asarar biliyoyin Yuro.

Manhaja ta gina nata gidan

Duk wannan labarin ƙarfe ne. A gefe guda masu rubuta manhaja suna fama da irin wannan ciwo, amma a wani asibiti suka nemi magani. A 1968 aka yi taro a Garmisch ta Jamus, inda aka yayata kiran a ɗauki rubutun manhaja a matsayin aikin injiniya. A 1972 Marc Rochkind na Bell Labs ya rubuta SCCS, manhajar da ke riƙe tarihin kowane canji a rubutun wata manhaja. Bayanta RCS ta zo a 1982, sai CVS, sai Subversion a 2000, sai Git da Linus Torvalds ya rubuta a 2005. Jira, wadda ake bin sawun kurakurai da ayyuka da ita, ta fito a 2002.

Dalilin rabuwar gidajen biyu yana cikin halin kayan. Canza sashen ƙarfe yana cin kuɗi da watanni, sai an sake mazubi, an yi shawara da mai kawo kaya, an yanke hukunci a kan waɗanda ke sito. Don haka kundin ƙarfe an gina shi ne don ya rage gudu, ya sa kwamiti ya zauna kafin a taɓa komai. Manhaja kuwa ana iya canza ta sau goma kafin azahar, mutum ɗari suna rubutu a lokaci guda, kowa a reshensa, daga baya a haɗe. Kundinta an gina shi ne don ya ƙara gudu. Shekaru da yawa kundin ƙarfe yana ɗaukar manhaja gaba ɗayanta a matsayin sashe guda mai lamba guda, kamar ƙusa, alhali a cikinta akwai dubban shawarwari da suka dogara da nauyin ƙarfen, da saurinsa, da na'urorin da ke auna masa iska da zafi. Masu iya magana sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A nan hannu biyu ne suka ɗauka, amma kowanne bai san inda ɗan'uwansa ya riƙe ba.

Abin da ya faɗa cikin ramin da ke tsakani

Ranar 4 ga Yuni 1996 rokar Turai Ariane 5 ta tarwatse kimanin daƙiƙa 40 bayan tashinta na farko daga Kourou. An ɗauko manhajar auna motsi daga Ariane 4, inda ta yi shekaru tana aiki lafiya. Sabuwar rokar ta fi tsohuwar saurin tafiya a kwance, sai wani adadi ya fi ƙarfin gurbin da aka tanadar masa, kwamfutar ta tsaya, ta ajiyar ma ta riga ta tsaya saboda dalili guda. Kwamitin bincike ya gano cewa ba a gwada manhajar da hanyar tafiyar sabuwar rokar ba. Jiki ya canza, zaton da aka gina manhajar a kansa bai canza ba.

Ranar 9 ga Mayu 2015 jirgin dakon soja Airbus A400M ya faɗi kusa da Seville a gwajinsa na farko, mutum 4 daga cikin 6 suka mutu. Injinansa ba su da aibi a ƙarfe. Wajen ɗora manhaja a masana'anta aka goge wasu alƙaluman daidaita ƙarfin juyi na injina uku daga cikin huɗu, kwamfutocin suka kasa fahimtar abin da injinan ke yi bayan jirgin ya tashi.

Wanda ya fi taɓa mu shi ne Boeing 737 MAX. An sa wa tsohuwar gangar jiki manyan injina, aka matsar da su gaba da sama, hakan ya sauya halin jirgin idan ya ɗaga hanci. Aka rubuta manhajar MCAS don ta riƙa dunƙufar da hancin. A lokacin gwaji aka ƙara mata iko daga digiri 0.6 zuwa 2.5, tana dogara da na'urar auna iska guda ɗaya tak, amma nazarin hatsari da bayanan da matuƙa suka samu ba su bi wannan canji yadda ya kamata ba. Jirgin Lion Air ya faɗi ranar 29 ga Oktoba 2018 da mutum 189, na Ethiopian Airlines ya faɗi ranar 10 ga Maris 2019 da mutum 157, cikinsu har da marubucin Najeriya Farfesa Pius Adesanmi. Binciken majalisar dokokin Amurka ya nuna akwai gaggawar kasuwa da sakacin masu sa ido, kuma babu manhajar ajiye kundi da ke maganin son zuciya. Duk da haka salsalar da ta yanke a bayyane take: an canza abu a wuri guda, takardun da suka dogara da shi suka ci gaba da bayanin jiya.

Ɗinkin da ake yi yanzu

Haɗa kundin biyu yana nufin a ɗaura zare daga buƙata zuwa hujja. A ɗauki misalin birkin mota. Buƙata ta ce motar ta tsaya cikin tazara kaza. Wannan jimla tana ɗaure da zanen faifan birki, da lambar na'urar da ke auna juyin taya, da layukan manhajar da ke hana taya kullewa, da gwajin da ya tabbatar da duka, da jerin motocin da aka sa wa wannan haɗi. Idan mai sayen kaya ya sauya kamfanin da ke kawo na'urar aunawa, tsarin da kansa zai ɗaga tuta a kan manhajar da gwajin, ya ce a sake dubawa. Idan aka gano kuskure bayan shekara biyar, za a san motocin da za a kira ba tare da an kira duka ba.

Kasuwa ta bi wannan buƙata. Kamfanin PTC, mai kundin Windchill, ya sayi MKS a 2011, ya ƙara da Codebeamer a 2022. Siemens, mai Teamcenter, ya sanar da sayen Polarion a ƙarshen 2015. Tun 2008 IBM ya jagoranci ƙa'idar OSLC, wadda hikimarta ita ce kowane bayani ya zauna a gidansa, a riƙa nuni gare shi da mahaɗi maimakon a kwafe shi, domin kwafi shi ne mafarin saɓani. Doka ma ta matsa. Ƙa'idar DO-178C ta jiragen sama da ISO 26262 ta motoci, dukkansu na 2011, suna neman a iya bin sawun manhaja zuwa buƙatar da ta haife ta. Ƙa'ida ta 156 ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda ta fara aiki a 2021, ta wajabta wa masu ƙera motoci a ƙasashen da suka karɓe ta su riƙe lissafin manhajar da ke cikin kowane nau'in mota da duk sabuntawar da aka yi mata.

Komawa gida

Mai karatu zai iya cewa mu ba ma ƙera jirgi, me ya shafe mu? Ya shafe mu ta ƙofar saye. Tsofaffin jiragen koyo na Tampico a kwalejin Zariya agogunan allura gare su. Jiragen Diamond da suka biyo bayansu allon kwamfuta ne a gaban matuƙi, kuma kwamfuta ce ke sarrafa injinsu, don haka zubin manhaja ya shiga cikin abin da injiniya zai sa wa hannu. Haka na'urorin ɗaukar hoto a asibitin koyarwa na Shika, da mitar wuta ta kati, da injin canza hasken rana zuwa lantarki, da motar Balgiyam da bakanike a Sabon Gari ba ya taɓa ta sai ya jona mata na'urar karanta ƙwaƙwalwa. Duk wanda ya yi aiki a ma'aikatar gwamnati ya san ɗakin da aka tara na'urori masu tsada, jikinsu garau, an rasa kalmar sirri, ko lasisi ya ƙare, ko an sa sabon sashe tsohuwar manhaja ta ƙi gane shi.

Darasin ga akawu da lauya da darakta mai sa hannu a kwangila shi ne su ɗauki kundin a matsayin rabin kayan. A rubuta cikin yarjejeniya cewa za a miƙa jerin sassa, da zubin kowace manhaja, da bayanin wane zubi ke tafiya da wane sashe, da shekarun da za a ci gaba da sabuntawa, da abin da zai faru idan kamfanin ya rufe. A kuma naɗa wanda zai riƙa rubuta kowane canji, domin kundin da aka daina ciyarwa ya zama irin zanen Dmochowski, hoton rana guda. Darasin ga Jami'ar Ahmadu Bello, wadda ke yaye injiniyoyi tun kafuwarta a 1962, shi ne ɗalibin injiniyan inji da na kimiyyar kwamfuta su yi aikin kammala karatu tare, a kan abu guda, da kundi guda, kafin kasuwa ta haɗa su ba shiri. Git kyauta ce, tarbiyyar rubutawa ce ke da wuya.

Bayan hatsarin 2023 an tashi haiƙan don sake gina masallacin, kuma sabon gini na wannan zamani ba ya rasa wayoyi, da na'urorin sauti da sanyaya iska, da lantarkin rana, wasunsu da manhaja a cikinsu. Fatana shi ne ranar da za a miƙa makullai a miƙa da kundi, a ajiye kwafi a fada da jami'a, a kuma sa wanda zai riƙa hawa yana dubawa kafin kowace damina yana rubuta abin da ya gani, kamar yadda zuriyar Babban Gwani suka yi shekara da shekaru ba tare da takarda ba.